Farfaɗo da tsohon injin tanin South Bend mai inci 9: kundin aiki

12 ga Janairu, 2025

Injin tani, wato injin da ke juya ƙarfe wuƙa na fere shi, ya hau benci, amma ba za a sa masa wuta ba sai an ga cikinsa. South Bend ne mai inci 9 (yana juya aiki mai kauri har wajen inci 9), samfurin A, gadonsa, wato dogon ƙarfen da komai ke zaune a kai, ƙafa 3½, yana ɗaukar aiki mai tsawon inci 22 tsakanin tsini da tsini. Tagwaye John da Miles O'Brien ne suka kafa kamfanin a 1906 a garin South Bend na jihar Indiyana a Amurka. Wannan ƙaramin inji iri uku suka yi shi: A yana da akwatin giya mai hannuwa biyu na canza tiredi (zaren sukuru), kuma sirdinsa, wato abin da ke ɗauke da wuƙa a kan gado, na tafiya da kansa tsaye da gicciye, B yana tafiya da kansa amma sai an riƙa cire giya ana sa wata, C kuwa dogon sukuru kawai gare shi. Lambar injin tana buge a ƙarshen gado ta hannun dama. Akwai haruffa a bayan lambobin, alamar an ƙera shi daga 1947 zuwa gaba ke nan, lokacin da kamfanin ya sauya tsarin lambobinsa.

Abin da ido ya gani: tsatsa sama-sama a kan gado da cok (abin da ke damƙe aiki yana juyawa da shi), fenti hawa biyu a kan na asali, bel ɗin fata ya bushe ya tsattsage, haƙora biyu sun karye a giyar baya (giyar rage gudu da ke bayan babban shaf), hannun teburin gicciye yana yin kusan sulusin zagaye kafin teburin ya motsa. Kofunan man babban shaf a bushe suke ƙaf.

Wannan na ƙarshe shi ya hana kunna shi. Babban shaf na wannan inji ba a kan boris yake juyawa ba. Kai tsaye yake zaune cikin ƙarfen zubin kan inji, abin da ke raba su kawai shi ne siririn man da lagwani ke jawowa daga rijiyar da ke ƙasa. In lagwanin ya daskare da tsohon mai, ko an cika kofin ba abin da zai hau, kuma minti kaɗan na juyi a bushe ya isa ya karce ramin da ba a sayar da madadinsa sai dai a nemi wani kan inji gaba ɗaya.

19 ga Janairu

Awo kafin a kwance komai. Fenti ana iya sakewa, ƙarfen da aka kankare kuwa ya tafi ke nan, don haka sai an san inda cin yake da yawansa.

Gadon yana da tudu uku masu siffar V a kife da fili ɗaya. Sirdi yana tafiya a kan tudu biyu na waje, wutsiyar inji, wato abin da ke tallafe ɗaya ƙarshen aiki, kuma a kan tudun ciki da filin. Wutsiya ba ta cika zuwa kusa da cok ba, shi ya sa hanyarta a wannan yanki take kusan yadda ta fito daga masana'anta. Sai aka wanke gindin wutsiya, aka kafa agogon awo (ma'auni mai allura da ke nuna ɗan ƙaramin motsi) a kansa, aka ɗora bakin agogon a kan tudun sirdi, aka riƙa turawa daga ƙarshen gado zuwa kai ana rubuta abin da ya nuna kowane santimita 5. A lura: in bakin agogon ya tsaya daidai da fuskar tudun, wadda ke kwance a digiri 45, sai an ninka abin da ya nuna sau 1.41 kafin a san ainihin yadda sirdin ya sauka.

Sakamako: tudun gaba ya sauka milimita 0.09 a inda ya fi ci, wajen santimita 15 daga cok, na baya 0.06. Farce yana jin ɗan tudu a saman V ɗin gaba inda sirdi bai taɓa shafa ba.

Mutane da yawa suna ganin irin wannan lamba su ce gado ya mutu. Lissafi bai goyi bayansu ba. In bakin wuƙa ya sauka milimita 0.1 ƙasa da tsakiyar aiki mai kauri milimita 25, kaurin aikin zai ƙaru ne da milimita 0.0008 kacal, abin da maikiromita (ma'aunin kauri) na gida ba zai ma gani ba. A kan sanda mai kauri milimita 6 ya kai 0.003. Saukar ba ita ce matsalar ba. Matsalar ita ce bambancin da ke tsakanin gaba da baya, wato 0.03 a nan, domin shi ke karkata sirdin ya ja wuƙar baya daga jikin aiki, kuma duk abin da wuƙa ta ja da baya sau biyu yake fitowa a kauri. A lissafe, aiki mai tsawon santimita 35 zai iya bambanta da kusan milimita 0.05 daga wannan kai zuwa wancan. A cikin santimita 15 na farko, inda akasarin aiki yake, cin kusan ɗaya ne.

Shawara: ba za a kai gadon wajen masu wasa shi da inji ba. Yin haka yana jawo sake gina ƙasan sirdi da daidaita kai da wutsiya daga farko, aikin da wannan ci bai kai a yi masa ba.

26 ga Janairu

Cok ya ƙi fita. Hancin shaf yana da tiredi inci 1½, zare 8 a kowane inci, kuma cok ɗin da ya shekara da shekaru a kai yakan kafe. Karyayyun haƙoran giyar baya sun nuna abin da aka taɓa yi: an sa giyar baya ba a zare fin ɗin da ke haɗa babbar giya da fuli ba don shaf ya kulle, aka doki cok da guduma. Haƙorin ƙarfen zubi yana jure turi, ba ya jure duka.

Abin da ya yi aiki: man kwance tsatsa ta bayan faifan cok da ta cikin ramin shaf safe da yamma, giyar baya a sake, fin a ciki, an ɗaure fuli da madaurin bel mai hannu, an damƙe guntun ƙarfe mai kusurwa shida a cikin cok, aka sa doguwar sifana aka danna da nauyin jiki a hankali. An shimfiɗa katako a kan gado tukuna. Da ya ƙi, mataki na gaba shi ne a kwance cok daga faifansa, a fere faifan har ya zama ɓawo a ɓare shi. Faifai ana samun wani.

2 ga Fabrairu

Kwance inji. An cire maƙalin dogon sukuru na dama, an kwance sukurori uku da ke riƙe akwatin giya ta saman gado, aka zaro akwatin tare da dogon sukurun ta hagu, mutum ɗaya na tallafe da wutsiyarsa don kada ya lanƙwashe. Daga nan akwatin gaban sirdi ya sauko.

Abubuwa biyu ke ɓata wa mutane aiki a nan. Na ɗaya, fin masu tsukewa. Tsukewarsu rubu'in inci ce a kowace ƙafa, wato 1 cikin 48, ido ba ya rabe babban kai da ƙarami in an goge su daidai da jikin ƙarfe. A kankare fenti, a auna kan biyu da gilashin ƙara girma, a tallafi abin a kan ƙarfe mai nauyi, a buga ta ƙaramin kai da gajeren fanci, bugu ɗaya mai ƙarfi. Ƙananan bugu da yawa suna baje kan ne ya zama kamar rifit. Na biyu, sukurun da ke tsakiyar ƙullin kuloci tiredin hagu ne, ana kwance shi ta inda agogo ke juyawa.

Kowane rukuni na kaya ya shiga ledarsa da takarda, an kuma ɗauki hoto kafin cire kowace giya.

9 ga Fabrairu

Fitar da babban shaf. An cire giyar baya, an sassauta bol biyu da ke matse ramukan shaf, an cire ƙaramar giyar ƙarshen hagu, notin matsi da washarsa. Babbar giya a matse take a kan shaf, akwai kuma ki (guntun ƙarfe da ke hana giya zamewa a kan shaf) a tsakaninsu, saboda haka ba a doki shaf ba. Ramin cikinsa inci ¾ ne. An zura doguwar sanda mai tiredi ta milimita 16, an kifa guntun bututu a kan hancin yana dogare da jikin kai, faifai da noti a kowane ɓangare, aka riƙa ɗaure noti shaf na fitowa ta wajen wutsiya.

Labari mai daɗi: wuyan shaf biyu suna sheƙi, siraran layuka ne kawai da farce ba ya kamawa. Ramukan ma haka. Lagwanin kuwa sun zama baƙi ƙirin, sun taurare, na gaba ya maƙale a raminsa sifirin ɗin bai iya turo shi ba. Da kyar injin ya tsira.

Shim, wato siraran farantan cike giɓi, da ke cikin tsagar kowane rami an ajiye su daban, na gaba da na baya, ba a haɗa ba.

16 ga Fabrairu

Wanki. Kananzir da burushi sun ɗauke maiƙo. Fentin injin wannan zamani yakan ƙunshi dalma, shi ya sa ba a goge shi da samfefa a bushe ba. Maganin cire fenti aka shafa, aka kankare shi yana jiƙe, da safar hannu da takunkumi. Allunan tagulla masu jadawalin tiredi an cire su tun farko ta hanyar turo ƙusoshinsu daga baya. Duk wani abu na alminiyam kada ya kusanci kostik soda, tana cinye shi.

Tsatsar ƙananan kaya da lantarki aka cire ta: bokitin roba, babban cokali ɗaya na sodar wanki a kowace lita 4 ta ruwa, wayar nagatif ta cajar batir a jikin kayan, ta fozitif a jikin tarkacen baƙin ƙarfe da aka jera kewaye, ba tare da sun taɓa juna ba. In aka juya wayoyin, kayan ne za su ci. Ba a sa ƙarfen da ba ya tsatsa a matsayin tarkacen, domin yana sakin sinadarin kuromiyam mai guba cikin ruwan. Kumfar da ke tashi iskar haidurojin ce, don haka a waje ake yi, nesa da wuta. Da an tsamo kaya a wanke, a busar, a shafa mai nan take. Ƙarfen zubi yana sake yin ja kafin a juya baya.

Gadon bai shiga ruwa ba. An jiƙa shi da mai, an bi shi da reza a kwance, tsatsar ta taso ta bar ƙarfen. Samfefa ba ta taɓa hanyoyin ba. Ƙananan ramukan da tsatsa ta bari ba sa hana komai, mai ma suke riƙewa. Inda aka taɓa yar da cok ya tayar da ƙarfe, dutsen wasa mai laushi ya kwantar da shi.

2 ga Maris

Haƙoran giyar baya. An goge gurbin kowane haƙori da magagari har ya yi fili, an huda ramuka biyu, an yanka tiredin M3, an ɗaura guntayen sukuru don su zama ƙashin sabon haƙori. An ɗumama giyar duka a hankali zuwa wajen digiri 350 na Salshiyos, sannan aka gina wurin da waldar tagulla, aka binne ta cikin busasshen yashi har ta huce da kanta. Ƙarfen zubi ba ya miƙewa. In gefe ɗaya ya yi zafi sauran na sanyi, tsagewa yake yi, wani lokaci ma sai bayan an gama an ajiye.

Siffar haƙorin da hannu aka fitar da ita. An yanka ma'auni a siririn faranti daga lafiyayyun haƙora uku na jere, ana gogewa ana gwadawa. A ƙarshe an shafa shuɗin gwaji a abokiyar giyar, an juya su tare, ana rage duk inda shuɗin ya kama da yawa. Tagulla ta fi ƙarfen zubi laushi, sauran ɗan bambancin zai kwanta da aiki.

9 ga Maris

Fenti: share fage hawa ɗaya, fentin mai ruwan toka hawa biyu da burushi, an rufe duk fuskar da inji ya goge da duk ramin mai. Za a bar shi ya taurare sosai kafin a haɗa.

23 ga Maris

Akwatin gaban sirdi da akwatin giya. Ƙasan akwatin gaba rijiyar mai ce, abin da aka tarar a ciki kuwa giris ne da garin ƙarfe sun zama laka. Giris a nan kuskure ne babba: ba ya hawa lagwani, kuma yana kama ɓarɓashi ya zama abin wasa ƙarfe. An bi kowace hanyar mai da waya da iska, an sa sababbin lagwani, an jiƙa su da mai kafin a zura. Lagwani ya cika raminsa amma kada a cusa shi da ƙarfi, wanda aka danne ba ya jan mai.

Rababben notin da ke kama dogon sukuru ya ci kusan sulusin kaurin zarensa, zai ƙara aiki. Dogon sukurun, inci ¾ mai zare 8, an wanke shi da igiya ana juyawa. Tsagar ki da ke tsawonsa ita ke juya kayan tafiyar sirdi, gefunanta sun yi kaifi, an kashe kaifin da dutse don kada su riƙa yankar notin.

Akwatin giya lafiya yake, bushi ɗaya kawai aka sauya. Hannun hagu yana da gurbi 5, na dama 8, tiredi 40 ke nan. In aka sauya giyar sama mai haƙora 20 da mai 40 sai a sami ƙarin 8 masu gwaɓi, jimla 48, daga zare 4 zuwa 224 a inci. Giyar mai 40 tana nan a maƙale a mazauninta, abin da ba kullum ake dacewa da shi ba a tsohon inji.

6 ga Afrilu

Teburin gicciye, inda aikin hannu ya fi yawa. An kwantar da fin biyu masu kauri ɗaya a cikin kusurwar hanyar da ke kan sirdi, an auna faɗin bayansu da maikiromita a wurare da dama. Tsakiya ta fi bakin biyu ƙanƙanta da milimita 0.07. Shi ya sa in an ɗaure ƙarfen matsi (siririn ƙarfen da ke rage rawar teburi a kan hanyarsa) ya yi daidai a tsakiya sai teburin ya cije a ƙarshe, in an sassauta kuma ya riƙa rawa a inda ake aiki, fuskar aiki ta fito da zane-zane.

Jerin kankara yana da muhimmanci. Da farko ƙasan teburin: a shafa shuɗi siriri a kan dutsen awo, a goga teburin a kai, a kankare inda ya kama, a kashe ƙaiƙayin da dutse, a share, a sake. Kowane zagaye ana sauya fuskar kankara don layukan su gitta juna. An tsaya da aka sami ɗigo 20 zuwa 25 a kowane murabba'in inci, a warwatse ko'ina. Daga nan teburin ya zama ma'aunin filayen sirdi. Sai fuskar kusurwa wadda ba ta da ƙarfen matsi, da madaidaicin ƙarfe mai baki a karkace, sannan ɗaya fuskar har awon fin ya zama ɗaya daga farko zuwa ƙarshe.

Shuɗi mai kauri ƙarya yake yi, komai sai ya nuna ya kama. In yatsa ya bar sawu a kan dutsen, ya yi yawa.

Fuskar jagora, wato wadda ba ta da ƙarfen matsi, ba a sa ta daidai-wa-daida da kusurwar digiri 90 ga layin babban shaf ba. An karkata ta ɗan kaɗan yadda in aka fere fuskar faifai za ta fito da ɗan zurfi a tsakiya. Ƙa'idojin gwajin inji na Georg Schlesinger sun yarda da zurfin da bai wuce milimita 0.02 ba a faɗin milimita 300, ba su yarda da tudu ba sam, domin faifai mai tudu a tsakiya ba ya zama daram a kan wani.

Wasan hannun teburin daga wuri biyu yake: notin tagulla da ya ci, da kuma sukurun kansa da ke kai da komo a mazauninsa. Sukurun zare 10 ne a inci, tiredin hagu, zagaye ɗaya inci 0.100. Daga cikin wasan inci 0.032, kusan 0.010 na mazauni ne, siririyar washa ta kashe shi. Sabon noti ya sauko da sauran zuwa 0.005 a tsakiya. Ba zai yi ƙasa da haka ba sai da sabon sukuru, kuma babu buƙata. Mai aiki dai ya riƙa shigar da wuƙa ta fuska ɗaya kullum.

20 ga Afrilu

Mayar da babban shaf. An zaɓi bel ɗin mota mai tsagi-tsagi, faɗin kusan inci 1, a maimakon fata, yana kama fuli sosai kuma mai ba ya sa shi santsi da wuri. Tunda ba shi da mahaɗi, dole ya shiga kafin shaf.

Sababbin lagwani biyu sun shiga da sifirin ɗinsu. A saman kowane kofin mai akwai ɗan rami. An danna lagwani ƙasa da yatsa, an zura waya ta ramin ta tokare shi, sai da shaf ya zauna aka zare wayar. In ba a yi haka ba kafaɗar shaf za ta yanke kan lagwanin tana wucewa, ba kuma mai sani sai rami ya yi zafi. Jerin kaya daga dama: babbar giya da ki ɗinta, fuli, boris na turi, sai a waje washa da notin matsi. Sandar tiredin nan ce ta ja shi ciki.

Gwajin sararin da ke tsakanin shaf da raminsa: agogon awo a saman shaf dab da hanci, sanda a cikin ramin shaf, a danna ƙasa don mai ya matse, a mai da agogo sifiri, a ɗaga da ƙarfin kusan kilo 34. Abin da aka nema a wannan aiki inci 0.0007 zuwa 0.001 ne. Gaba ya nuna 0.0018, aka ɓare siririn hawa ɗaya daga shim, aka ɗaure bol, ya dawo 0.0009. Baya yana ciki tun farko. Ba a daidaita sarari da sassauta bol. Bol a ɗaure yake tamau, shim ke yanke hukunci. Notin matsi kuma an ɗaure shi har wasan gaba da baya ya kusa ɓacewa, shaf na juyawa da hannu ba cijewa.

Mai iri uku (lambar ISO kaurin mai take nunawa): mai ruwa-ruwa ISO 22 a kofunan shaf, ISO 32 a akwatunan giya, man hanya ISO 68 a gado da sukurori. Man injin mota bai dace ba, an yi shi ne ya riƙe datti yana yawo da shi zuwa matata, nan kuwa babu matata, so ake datti ya kwanta a ƙasan rijiya. Akwai sukuru a jikin fuli da ake cirewa a zuba mai. Duk lokacin da giyar baya ke aiki fuli a kan shaf yake juyawa, mutane kuma suna mantawa da shi.

4 ga Mayu

Haɗa sauran. Tunda gado da ƙasan sirdi sun ci, akwatin gaba ya sauka, dogon sukuru kuwa yana inda yake. An gane haka da aka kama rababben noti kusa da kai, sukurun ya ɗan sunkuya. An auna milimita 0.2, an sa shim mai wannan kauri tsakanin gado da akwatin giya, da kuma maƙalin dama, sukurun ya sauko ya sami notin. An sa sababbin magogai a kusurwoyin sirdi huɗu. Tsofaffin cike suke da garin ƙarfe, su ne ma suka ci gadon.

Moto rabin doki ne, rigar wayoyinsa na marmashewa a hannu. An sake wayoyi duka, an haɗa wayar ƙasa da jikin moto da jikin inji, an share makunnin cikinsa da ke yanke kafasita. Jadawalin gudun injin an yi shi ne da moto mai juyi 1,725 a minti a wutar hertz 60. A wutar hertz 50 juyin wajen 1,425 ne, kowane gudu a jadawalin sai a rage masa kashi ɗaya cikin shida. Makunnin yana da baya, amma da cok mai tiredi kada a juya baya da gudu ko a kan yanka mai nauyi, cok kwancewa zai yi ya faɗo.

An kunna a gudu mafi ƙanƙanta, ana taɓa ramukan shaf da bayan hannu, ana ƙara gudu mataki-mataki. A gudu na sama sun yi ɗumi kawai, man kofuna ya ɗan ragu, alamar lagwani na sha.

11 ga Mayu

Daidaita gado. Ba kwanciyar inji daidai da ƙasa ake nema ba, murɗewa ake cirewa. Gadon ƙarfen zubi yana murɗewa in an ɗaure shi a kan bencin da bai daidaita ba. An ɗora lebur mai gane milimita 0.02 a mita a gicciye, kusa da kai sannan a ƙarshe, an sa shim har kumfar ta tsaya wuri ɗaya.

Lebur share fage ne, yanka ke faɗin gaskiya. An damƙe sanda mai kauri milimita 40 a cok, santimita 15 a waje, ba tallafin wutsiya, an rage tsakiyarta aka bar zobe biyu a kai da kai. Wuƙar ƙarfe mai kaifi sosai, juyi wajen 220 a minti, yanka milimita 0.03 a kan zoben biyu ba tare da taɓa hannun teburi ba. Zoben waje ya fi na ciki kauri da 0.04. In na waje ya fi kauri, ƙafar gaba ta ɓangaren wutsiya ake ɗagawa. In ya fi siranta, ta baya. Shim 0.1 a gaba ya sauko da bambancin zuwa 0.01, a nan aka tsaya. Bencin katako yana motsi da sauyin yanayi, za a maimaita gwajin in damshin iska ya canza.

Wutsiya ta sauka milimita 0.12, gabanta ya fi ci. Shim ya shiga tsakanin gindinta da samanta, ya fi kauri a gaba, har hancin ya miƙe daidai da gado a miƙe da a janye. Ramin hancin, tsukewar Morse lamba 2, yana da ƙaiƙayi inda wani abin huda ya taɓa juyawa a ciki. An bi shi da rima (abin gyara cikin rami) da hannu, juyi kaɗan, don cire tudun kawai. Gefe da gefe an daidaita da sukurori biyu na gindi, ana yanka sanda tsakanin tsini biyu ana aunawa.

18 ga Mayu

Gwajin tiredi: inci ½ mai zare 13 a kan baƙin ƙarfe, giyar baya a ciki, ƙaramin teburin da ke saman na gicciye a digiri 29½. Da dogon sukuru mai zare 8, tiredi mai adadin da biyu ke rabawa ana kama rababben noti a kowane layi na agogon tiredi (faifai mai layuka da ke nuna lokacin kama notin), wanda biyu ba ta rabawa irin 13 sai a layi mai lamba. Noti na kanti ya hau da hannu ba rawa. Haƙoran da aka gina suna ɗan ƙara sau ɗaya a kowane zagaye, ba sa barin alama a jikin aiki.

Tiredin milimita ba ya cikin akwatin. Inci ɗaya milimita 25.4 ne daidai, wato 127 a raba da 5, don haka sai an sami giya biyu haɗe, mai haƙora 127 da mai 100, masu girman haƙori DP 18 irin na sauran giyoyin gefe. Da su agogon tiredi ba ya aiki, noti a kame zai zauna, a janye wuƙa, a koma da moto a hankali.

Cok mai baki uku yana kaucewa milimita 0.15 a kan sandar gwaji, kuma bakunan sun buɗe ta gaba. Hancin shaf kansa bai kai 0.01 ba, laifin na cok ne. Aiki na gaba shi ne fere sabon faifai a kan wannan shaf ɗin, sannan a wasa cikin bakunan suna dafe da zobe don su kasance a matse kamar lokacin aiki.